Ina shan maganin zuciya, ko zan iya haɗa shi da shuɗiyar ƙwaya?

Tambaya: Likita, shekaruna 56, ina zaune a Jidda. Ina da ciwon suga, ina kuma da ƙwayar da ake sawa ƙarƙashin harshe in ƙirji ya matse. Kusan shekara guda ke nan gabana ba ya miƙewa sosai. Wani abokin aikina ya ba ni shuɗiyar ƙwaya, ya ce shi ita yake sha. In sha?

Amsa: Malam, don Allah kada ka sha. Na ji daɗi da ka tambaya kafin ka haɗiye ta.

Ƙwayar nan sildenafil ce, wadda aka fi sani da Viagra, da aka fara sayarwa a Amurka a 1998. Asalinta ma don ciwon ƙirji aka fara gwada ta. Aikinta sakin jijiyoyin jini, sai jini ya cika gaba ya tsaya. Ba ta sa sha'awa. In babu sha'awa, ba abin da za ta yi. Takan yi aiki kamar awa 4, 'yar'uwarta tadalafil kuwa har awa 36. Ba a sha fiye da sau ɗaya a yini, kuma abinci mai maiƙo irin mandi (shinkafa da nama ta Larabawa) yana jinkirta aikinta.

To, ƙwayar ƙarƙashin harshenka, nitroglycerin ko isosorbide, ita ma jijiyoyin take saki. In suka haɗu a jiki, ƙarfin bugun jini (BP) na iya faɗuwa farat ɗaya, mutum ya suma, zuciya ta rasa jini, har a rasa rai. Ko rabin ƙwaya ma haɗari ne. Haka zumar nan da gahawar "ƙarfin maza" da ake tallatawa a WhatsApp: an sha gwada irinsu a tarar da waɗannan magunguna a ciki ba tare da an rubuta ba. Su na fi ji wa tsoro, don mai sha yana ganin zuma kawai ya sha.

Ga wanda likita ya rubuta wa, illolinta galibi ciwon kai ne, toshewar hanci, ƙwannafi, ko ganin abubuwa shuɗi-shuɗi. Amma in gaba ya miƙe ya wuce awa 4, ko gani ko ji ya ɗauke, sai asibiti nan take.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne sugan. Shi ke cin jijiyoyin gaba a hankali, kuma raunin yakan nuna halin da jijiyoyin zuciya ke ciki. Ka je wurin likitan zuciyarka da duk magungunanka a leda, ka faɗa masa ƙarara. Kullum yana jin irin wannan. A yi gwajin da ke nuna yadda suganka yake a wata ukun baya, a kuma auna kitsen jini. Akwai wasu hanyoyin da ba sa karo da maganinka, kamar na'urar da ke zuƙo jini zuwa gaba don ya miƙe.

In har ka riga ka sha, ƙirji ya matse, kada ka sa ta ƙarƙashin harshe. Kira 997, lambar motar asibiti ta gaggawa a Saudiyya, ka gaya musu abin da ka sha da lokacin da ka sha.