Ku Tambaya Mu Amsa: Injin wanki ne ke cinye mana tufafi?

Tambaya, daga wata uwargida a Yantala, Yamai: Assalamu alaikum. Injin wankina mai baki biyu ne, irin wanda ake zuba kaya ta sama. Duk wanki sai na tarar da ƴar ragar nan ta gefe cike da ɓurɓushin zare, atamfofina kuma sun fara saki suna koɗewa. Ƙanwata da ƙofar injinta ke gaba ta ce ita ba ta ganin wannan abu. Laifin injin ne, ko ni ce ban iya ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Abin da kike kwashewa a ragar nan, mafi yawansa jikin atamfarki ne, zare ne da ya tsinke. Kuma injin yana da nasa kason laifin.

Leƙa ƙasan bakin wankin, za ki ga faifai mai tudu-tudu. Shi ke juyawa dama, ya tsaya, ya koma hagu, yana jan ruwa da kaya tare. Tufar da ke ƙasa tana gogar faifan kai tsaye, sauran kuma suna murɗe juna. Wasu manyan injuna masu murfi a sama ma sanda ce mai fukafukai a tsakiyarsu, tana burga kaya kamar maburgi a tukunyar miya, kuma ita ta fi cin tufa. Injin ƙanwarki wani aiki yake yi daban: gangarsa a kwance take, tana juyi wajen sau 50 a minti, wasu ƙusoshin roba guda uku da ke jikinta suna ɗaga kaya sama su sake su cikin ɗan ruwa. Faɗuwa ce ke wanki a can, gugar ba ta da yawa. A 2016 masu bincike a Jami'ar Kaliforniya da ke Santa Barbara, a Amurka, sun wanke rigunan sanyi na zaren roba a injunan biyu, suka tarar mai murfi a sama yana sakin zare kusan ninki 7 na mai ƙofa a gaba.

Amma rashin gani ba rashin abu ba ne. Injin ƙanwarki ba shi da raga irin taki, ɓurɓushinsa yana bin ruwan datti ya fita.

Sauran laifin, wanda shi ya fi yawa a gidajenmu, yana wurin lokaci da lodi. Agogon injin mai baki biyu yana tsayawa ne a minti 15, mutane da yawa kuma idan ya ƙare sai su sake murɗa shi, har sau uku, don kaya su fita. Minti 45 na guga ke nan a jikin zanen da minti 6 zuwa 9 ya ishe shi. Ki jiƙa kayan da omo minti 20 zuwa 30 injin na kashe, jiƙon ya yi rabin aikin, sannan ki kunna na ɗan lokaci, maɓallin tsakiya a kan mai sauƙi. Ruwa ya rufe kayan da kamar yatsu huɗu. Ki sa ido a kan tufa guda mai launi: idan ta nutse ta sake bayyana a sama, lodin ya yi daidai, idan ta tsaya wuri ɗaya tana rawa, kayan sun yi yawa, kuma na ƙasa ne ke shan wahalar faifan su kaɗai. Kilon da aka rubuta a jikin inji na busasshen kayan auduga ne, kada ki wuce kashi biyu cikin ukunsa.

Lokacin hunturu ki kakkaɓe kowace tufa a waje kafin ta shiga ruwa, domin yashin da ya maƙale tsakanin zare yana yankan sa idan guga ta zo. Dogayen kaya, irin su mayafi, rawani da zanen gado, su ke nannaɗe sauran har su zama igiya. Ki ninke su cikin jakar raga, ko rigar matashi da aka ɗaure bakinta. Mazagin wando kuma a ɗaure shi, domin yana shiga ƙarƙashin faifan. Ƙusa ɗaya ce ke riƙe faifan a tsakiya: cire wuta, kwance ta, ɗaga shi, za ki sha mamakin zare da tsabar kuɗin da ke kwance a wurin.

Tambaya, daga wani ma'aikaci a Tawa: Nawa mai ƙofa a gaba ne, amma baƙaƙen wandunana da hijaban iyali suna fitowa da fari-fari a jikinsu, sai mun sake ɗauraya da hannu. Ina amfaninsa ke nan?

Amsa: Malam, fara da gane ko mene ne farin. Jiƙa yatsa ka murza wurin. Idan ya narke ya ɓace, omo ne. Idan ya dunƙule ya zama ɗan zare, ɓurɓushi ne. Idan kuwa ya watsu ko'ina gutsi-gutsi, takarda ce aka manta a aljihu.

In omo ne, ko ya yi yawa, ko ba irin na injin ba ne. Wannan inji da ruwa kaɗan yake aiki, wajen lita 50 a wanki guda, alhali mai murfi a sama mai sarrafa kansa yakan sha 100 ko fiye. Omon wankin hannu kumfa gare shi, kumfar kuma tana hana kaya faɗuwa, ta kuma ƙi ɗaurayuwa. Nemi wanda aka zana hoton inji mai ƙofa a ledarsa, ko sabulun ruwa don baƙaƙen kaya, ka bi ma'aunin da ke jiki, ka danna ƙarin ɗauraya.

In ɓurɓushi ne, haɗin kaya ne. Tawul, bargo da sabuwar singileti suna zubar da zare. Baƙin yadin roba, safa, hijabi da karan-miski suna kwashewa. Tunda ruwan bai da yawan da zai ɗauke shi, sai ya sauka a kansu. Raba su, ka kuma juya baƙaƙen ciki waje.

Sai matatar famfo, wadda gidaje da yawa ba su san da ita ba. Tana bayan wata ƴar ƙofa a ƙasan injin ta gaba, galibi hannun dama. Cire wuta, ka shimfiɗa tsumma, ka ajiye faranti mai ɗan zurfi. Idan akwai siririn tiyo a gefe, zare toshiyarsa ruwan ya tsiyaye tukuna. Sannan murɗa matatar hagu a hankali, ka zaro ta, ka wanke, ka sa yatsa cikin ramin ka tabbatar farfelar famfon tana juyawa. Mayar ka ɗaure sosai, in ba haka ba ɗaki zai cika da ruwa. Kowane wata biyu ya isa. Robar bakin ƙofa ma tana da ninki a ƙasa inda zare ke taruwa. Goge shi bayan wanki, ka bar ƙofar a buɗe.

Tambaya, daga wani mai wanki da guga a Bukoki: Rigunan yara da leshin mata suna fitowa da ƙananan huji, masu kaya suna ta faɗa da ni. An ce mini mai ƙofa a gaba ba ya yaga kaya.

Amsa: Yana yagawa, ɗan'uwa, hanyarsa ce daban. Ka duba abu huɗu bi da bi.

Na farko ƙarfe: zik da aka bari a buɗe, ƙugiyar rigar mama da wayar da ke cikinta, allurar hijabi, ƙusa a aljihun magini. A rufe kowane zik, a laluba kowane aljihu, leshi mai duwatsu da rigar mama su shiga jakar raga. Na biyu cikon ganga: idan ka tura kaya har ƙofa na rufuwa da ƙyar, gefen tufa yana shiga tsakanin gilashi da roba, ganga ta ja shi ya yage. Ka bar wurin da tafin hannunka zai tsaya a tsaye a saman kayan. Na uku jikin gangar kanta. Sa tsohuwar safa mai santsi a hannu ka shafa cikinta duka, har kan ƙusoshin roba; inda ta kama, akwai tsini ko tsagewa. Ƙusar da ta fashe ana sauya ta, ba sai an taɓa gangar ba. Ka kuma rage matsa: juyi 1200 zuwa 1400 a minti na tawul da zanen gado ne, siririn yadi yana cusuwa cikin hujin ganga a wannan gudun, 600 zuwa 800 ya ishe shi.

Na huɗu shi muka fi zargi a wuraren wanki: ruwan jabel, wato bilic. Ba ya huda tufa ranar da aka zuba shi, raunana zaren auduga yake, sai bayan wanki biyu ko uku hujin ya buɗe a daidai inda ya ɗiga. Kada ya taɓa tufa sai an tsarma shi da ruwa bisa ma'aunin kwalbarsa, jiƙon kada ya wuce minti 10, kuma ba ya shiga siliki, ulu, ko tufa mai roba-roba. Kada kuma a haɗa shi da binegar ko wani abu mai tsami, hayaƙin da ke tashi guba ne.

Tambaya, daga wata mai shirin aure a Tawa: Wanne zan saya? Shaddodi ne rabin lefena.

Amsa: Allah ya sanya alheri, amarya. Shadda mai tsada, a ganinmu, ba kayan inji ba ce ko wane iri. Ƙyallinta a saman zare yake, daga dannar masana'anta, ko ƙaro da bugu idan rinanniya ce, kuma duk inda ta karye aka goga wurin, farin layi ke fitowa wanda guga ba ta gyarawa. A wanke ta da hannu a ruwan sanyi, ba murɗa, a shanya a inuwa. In dole sai inji, to mai ƙofa a gaba, a juye ciki waje, digiri 30, tsarin kaya masu laushi, matsa 400, riga biyu kawai. Ki tuna a watan Afrilu da Mayu ruwan tankin da ke kan rufi yana ɗaukar zafi da rana har ya sa rini zuba, don haka wankin masu launi na safe ne.

Don lafiyar tufa da tsimin ruwa, mai ƙofa a gaba ya fi. Sai dai yana da sharuɗɗa. Yana son ruwa mai ƙarfi, yawanci rabin bar zuwa bar 1, wato tanki ya ɗara shi tsawo da mita 5 zuwa 10. Abin dumama ruwansa yana jan wajen wat 2000. Wankinsa yakan kai awa ɗaya da rabi zuwa uku, kuma idan aka ɗauke wuta a tsakiya da ruwa a ciki, kaya za su kwanta a jiƙe, mai zuba ya ɓata na kusa da shi. Buɗe ƙofa sai kin tsiyaye ruwan ta ɗan tiyon nan na ƙasa. Idan gidan da za ki shiga ruwan guga ko na ƴan garuwa ake sha, wuta kuma tana zuwa tana tafiya, sayi mai baki biyu: da bokiti ake cika shi, wutarsa kaɗan ce, ruwan ɗaurayar farko kuma ya zama na wankin lodi na gaba. Ki haɗa da jakar raga uku, babba ɗaya don mayafai, ƙanana biyu don leshi da kayan ciki.