Yadda Ake Tara Harajin Gundumomi a Ingila ta Dā, da Yadda Ake Bin Diddiginsa

Tambaya: Malam, ni ma'aikacin sashen kuɗi ne a wata ƙaramar hukuma, kuma na taɓa jin cewa a Ingila ta dā da itace ake ba da rasit ɗin haraji. Ina so a yi mini bayanin yadda ake tara harajin gundumominsu a zamanin da babu banki, babu na'urar lissafi, kuma yawancin mutane ba su iya karatu ba. Wa ke binciken mai karɓar kuɗin, kuma me ke hana shi cinyewa?

Amsa: Abin da ka ji gaskiya ne, kuma an daɗe ana yin haka fiye da yadda za ka yi zato. Amma kafin mu kai ga itacen, ya kamata ka san mutumin da ake miƙa wa shi. Tun kafin Wiliyam na Nomandi ya ci Ingila da yaƙi a 1066, ƙasar a rarrabe take gunduma-gunduma, kuma a kowace gunduma sarki yana da wakili guda da ake kira sherif. Sunan ba shi da alaƙa da sharifan da muka sani, domin asalinsa kalmomi biyu ne na tsohon Ingilishi masu ma'anar mai kula da gunduma. Duk kuɗin da sarki ke bin gunduma a wuyan wannan mutum ɗaya yake, shi da dukiyarsa da magadansa, kuma a kan wannan aka gina tsarin gaba ɗaya.

Babban abin da ake binsa kowace shekara jinga ce. An yanke wa kowace gunduma wani adadi tsayayye a madadin amfanin gandayen sarki da ke cikinta da tarar da ƙananan kotunanta ke ci, sherif kuwa ya ɗauki alkawarin kawo wannan adadin ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba. Idan ya tara ƙasa da haka ya cike daga aljihunsa, idan ya tara fiye rarar tasa ce, babu mai tambayarsa. Ban da jinga akwai kuɗin ƙasa, wanda asalinsa kuɗin sallamar mahara ne daga Denmak, irin fam 10,000 da aka biya su a 991. Daga baya ya zama harajin sarki da ake yankawa bisa girman gona, yawanci sule 2 a kan kowane ma'aunin ƙasa da ake ƙiyasta zai ciyar da gida guda, kuma an karɓe shi karo na ƙarshe a 1162. Babbar ƙidayar filaye da dukiya da Wiliyam ya sa aka yi a 1086 ta ba sarki sanin wa ke riƙe da me, kuma nawa ne darajarsa. Sai kuma tarar da alƙalan sarki masu rangadi ke ci da basussukan da manyan mutane suka ɗauka, waɗanda su ma sherif ake aika wa jerinsu ya bi ya karɓo. Wanda ya ƙi biya ana kama kayansa a sayar, amma ƙa'idar ita ce a fara da sauran kadarori, shanun huɗa su zo a ƙarshe, don kada a kashe gonar da za ta biya harajin baɗi.

Lissafinsu ba baƙo ba ne ga wanda ya riski kuɗin Najeriya kafin zuwan naira a 1973: kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya. Bambancin shi ne, a ƙarni na 12 kusan kwabon azurfa kaɗai ake bugawa, sule da fam kuwa suna ne kawai na ƙirga. Saboda haka sherif da zai biya fam 100 sai ya yi lodin ƙwayoyi 24,000 a jakunkuna, ya ɗora wa dawaki, ya nemi 'yan rakiya masu makamai har zuwa Baitulmalin sarki.

Sau biyu a shekara ake kiransa. Zuwan farko bayan Ista ne, inda yake biyan wani kaso, a duba inda lissafinsa ya dosa. Na biyu bayan bikin Mala'ika Mika'ilu ne na 29 ga Satumba, an gama girbi, kuma a nan ake rufe lissafin shekara. Wanda ya makara ana cin sa tara. Baitulmalin, wanda ya kafu sosai a zamanin Henri na Ɗaya a ƙarƙashin kulawar Roja, bishop na Solsbari, sashe biyu ne: na ƙasa mai karɓa da ƙirga, da na sama mai bincike da hukunci. Yawancin abin da muka sani game da aikinsa ya fito ne daga littafin da ma'ajin sarki, Ricad ɗan Naijel, ya rubuta wajen 1177, shi ma a sigar tambaya da amsa tsakanin malami da ɗalibi.

A sashen ƙasa ne itacen da ka tambaya yake shigowa. Idan masu ƙirga suka gama, sai a ɗauko wata 'yar sanda da tsawonta bai wuce taƙi ɗaya ba, a ƙwaƙule mata gurabe da wuƙa gwargwadon abin da aka biya. Gurbin fam 1,000 faɗinsa kaurin tafin hannu ne, na fam 100 kaurin babban yatsa, na fam 20 kaurin ƙaramin yatsa, na fam ɗaya kamar ƙwayar sha'ir da ta nuna. Sule ɗan gurbi ne ƙarami, kwabo kuwa zane ne kawai da bakin wuƙa ba tare da an cire itace ba. Malami ya rubuta sunan mai biya da dalilin biyan a gefe biyu, sannan a tsaga sandar a tsaye ta yadda kowane gurbi zai rabu biyu. Sherif ya tafi da ɓari mai tsawo, Baitulmali ya ajiye gajeren. Hikimar a nan take: idan sherif ya ƙara gurbi a nasa ɓarin, ranar da aka haɗa su ba za a sami abokinsa a ɗayan ba, kuma ba zai iya sassaƙa na jabu ba, domin babu itace biyu da ke tsagewa iri ɗaya. Ga shi kuma mutumin da bai san ko harafi ɗaya ba yana iya shafa gurabe da yatsa ya san nawa aka shaida masa. A ganina, cikin duk dabarun shaidar biya da aka yi kafin zamanin buga takardu, da wuya a sami wadda ta fi wannan sauƙi da tsaro.

Ƙirga kaɗai ba ta wadatar ba, saboda kwabo yana gogewa, wasu kuma suna yanke gefensa ko su cakuɗa azurfar da wani ƙarfe. Don haka a jingar gundumomi da yawa sai an gwada kuɗin da wuta. Ana ɗebo sule 44 daga cikin abin da sherif ya kawo, a gauraya su, a ware na fam ɗaya, wato kwabo 240, maƙeri ya narkar da su a gaban sherif da shaidu har dattin ya ƙone. Sai a ɗora curin azurfar a sikeli, a riƙa ƙara masa kwabo har ya yi daidai da nauyin fam. Idan kwabo 6 aka ƙara, to kowane fam da ya kawo an rage masa kwabo 6, wanda a fam 100 ya kama fam 2 da sule 10, kuma shi zai cike. Wannan ya sa sherif da kansa ya zama mai gadin ingancin kuɗi a gundumarsa, domin duk lalataccen kwabon da ya karɓa a ƙauye kansa zai dawo.

Daga nan sai sashen sama. Wani teburi ne mai tsawon ƙafa 10 da faɗin ƙafa 5, da ɗan bango a gefe don kada abin da ke kai ya zube, an shimfiɗa masa baƙin ƙyalle da aka ja wa layuka gida-gida kamar filin dara, kuma daga kamarsa da allon wasan ces Baitulmalin ya samo sunansa na Eksceka. Manyan fadawa da ma'aji da malamai suna zaune kewaye, sherif a gefe guda. Layin farko daga dama na kwabo ne, sai sule, sai fam, sai ashirin-ashirin, ɗari-ɗari, dubu-dubu. Mai lissafi yana jera ƙwayoyi a sahun sama su nuna abin da ake bin sherif, a ƙasa kuma ya jera abin da ya biya, a yi ta ɗebewa kowa yana kallo. Da lambobin Rumawa suke rubutu, waɗanda ba su da sifili kuma ba a iya tarawa da ɗebewa da su cikin sauƙi a takarda, saboda haka teburin ne na'urar lissafinsu.

A ɗauka jingar wata gunduma fam 300 ce. Sherif ya fito da sanduna biyu da ke nuna ya biya fam 240, aka haɗa su da ɓarin Baitulmali suka dace. Ya ce ya kashe fam 35 wajen gyaran ganuwar gidan sarki, sai a ce ya kawo takardar umarni mai hatimin sarki, da shaidar mutanen da aka sa su duba aikin. Ya nuna fam 10 na sadakar da sarki ya saba bayarwa ga gidajen ibada, da fam 10 na wata gona da sarki ya yi kyauta da ita, wadda amfaninta ya daina biyowa ta hannunsa. An sami fam 295, saura 5. Idan ya biya a take, malami ya rubuta da Latin cewa ya fita, babu sauran bashi a kansa. Idan bai biya ba a rubuta ana binsa, a sake kwafe bashin a kundin baɗi da na shekarar da ke biye, ko da ya mutu, har magadansa su biya ko sarki ya yafe. Ana rubutun ne a fatun tumaki da aka kankare, a ɗinke su ta sama, a naɗe kamar tabarma, wani malamin kuma yana rubuta kwafi na biyu a lokaci guda don kada ma'aji ya zama shi kaɗai ke da magana. Mafi tsufa da ya rage shi ne na 1130, kuma daga farkon mulkin Henri na Biyu jerinsu ya ci gaba kusan ba yankewa har zuwa 1832.

Yanzu ga sashen tambayarka na ƙarshe, wato me ke hana shi ci. Amsar ita ce an hana shi cin kuɗin sarki, ba a hana shi cin na talaka ba. Duk wannan bincike tambaya ɗaya yake yi, ko abin da aka yanke ya iso. Ba ya tambayar nawa aka karɓa a hannun manomi, kuma wannan ne ya sa mutane ke biyan sarki kuɗi masu yawa don a ba su muƙamin. Sai ƙorafi ya yi yawa ake waiwayar wancan gefen, kamar a 1170 da Henri na Biyu ya aika masu bincike gunduma-gunduma su ji daga bakin jama'a abin da aka karɓa a hannunsu, ya kuma sauke yawancin sherif-sherif ɗin ƙasar. Sarki Jon ya bi ta wata hanya, ya riƙa ɗora ƙari a kan tsohuwar jinga, wanda a ƙarshe a kan talaka yake sauka, har sai da manyan ƙasa suka sa a cikin yarjejeniyar Magna Carta ta 1215 cewa gundumomi su tsaya a tsohon adadinsu ba ƙari.

Da tafiya ta yi nisa jingar ta zama ƙaramin abu, sarakuna suka koma ga harajin dukiya da majalisa ke amincewa da shi. A nan ba sherif ke yanka ba. Ana naɗa manyan masu ƙiyasi a kowace gunduma, su kuma su rantsar da wasu mutane daga kowane ƙauye su kimanta dabbobi da hatsin maƙwabtansu. Da aka ga son kai ya yi yawa a kimantawar, a 1334 aka yanke wa kowane ƙauye da gari adadi tsayayye, aka bar mutanensa su raba a tsakaninsu, kuma aka yi kusan shekara 300 ana aiki da waɗannan alƙaluma. Gwajin kuɗin kai ne ya zo da bala'i. A 1377 an karɓi kwabo 4 daga duk wanda ya wuce shekara 14, a 1380 aka ninka shi uku, sai kusan kashi ɗaya cikin uku na masu biya suka ɓace daga rajista. Da aka aika masu bincike su zaƙulo su, tawaye ya ɓarke a gundumomin Eseks da Kent a 1381, 'yan tawaye suka shiga Landan, suka ƙone takardu, suka fille kan ma'ajin sarki da na babban bishop na Kantabari.

Akwai kuma harajin da gunduma ke tarawa don buƙatar kanta, wanda ya fi kusa da aikinka. Wannan ya zo daga baya, kuma yana hannun alƙalan kiyaye zaman lafiya, wato masu filaye na yankin da ke zama sau huɗu a shekara. Su ke yanke kuɗin gyaran gadoji da kula da gidajen yari, kuma wata doka ta 1739 ta haɗe ƙananan kuɗaɗen da ake karɓa daban-daban suka zama haraji guda. Alƙalan su raba wa kowane yankin coci kasonsa, jami'an yankin su fitar da shi daga kuɗin tallafin matalauta da suke karɓa a hannun masu gidaje da gonaki, babban jami'in kowane ɓangare ya kai wa ma'ajin gunduma, ma'aji kuma ya kawo littafinsa da takardun shaidar kashewa gaban alƙalan. Masu yanka harajin su ne masu binciken yadda aka kashe shi, kuma ba zaɓensu aka yi ba, har sai da zaɓaɓɓun majalisun gundumomi suka karɓi aikin a 1889.

Sandunan kuwa ba a daina yanka su a Baitulmali ba sai 1826. A ranar 16 ga Oktoba, 1834, aka sa ma'aikata su ƙone waɗanda suka taru, lodin amalanke biyu, a murhun da ke ɗumama zauren majalisar dattawa. Suka yi ta cusawa tun safe har bututun hayaƙin ya yi zafin da ya kama katakon bene, kuma kafin gari ya waye wuta ta cinye yawancin tsohon ginin majalisar dokoki a Westminista. Naɗaɗɗun fatun ba su ƙone ba, suna nan a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kiyu a yammacin Landan, inda mai bincike ke iya neman a fito masa da su.