Zafi da Laima a Ƙarƙashin Rufi: Amsoshin Tambayoyin Manoma

Tambayoyin wannan karon sun taru a wuri guda, wato sararin da ke tsakanin silin da kwanon rufi, a gida ne ko a sito ko a ɗakin kaji, musamman inda zafi ke haɗuwa da laima. Na haɗa masu kama da juna don kada a yi ta maimaici.

Tambaya: Malam, gidana rufin kwano ne da silin. Rana ta faɗi tuni, amma ɗaki ba ya hucewa har tsakar dare, fanka ma iskar zafi take hurawa. An ce in huda bango ta sama. Hakan zai yi?

Huda guda ɗaya ba za ta yi ba, Malam. Kwano a tsakiyar rana yana iya kai digiri 60 zuwa 70 a ma'aunin Salshiyas. Wannan zafin yana sauka kan silin da kawunan bango, su yi ta sha duk yini, da dare kuma su sako muku shi. Idan sararin a toshe yake, iskar da ke ciki ba ta da inda za ta je.

Iska mai zafi sama take tashi, amma ba za ta fita ba sai wata ta shigo ta maye gurbinta. Dubi fitilar ƙwai: ƙofofi ne a ƙasa da kuma a sama, in ka toshe na ƙasa wutar ta fara hayaƙi. Rufi ma haka yake buƙata. A bar mashiga a ƙasa, ƙarƙashin leɓen rufin da ya zarce bango, inda inuwa take kuma ruwa ba ya bugowa. A bar mafita a can tsororuwa, ko dai ta ɗaga kwanon da ke rufe ƙololuwar kaɗan, ko ta buɗe taga a saman bangon gefe mai kusurwa uku. Magina da yawa suna cike tsakanin bango da kwano da bulo da siminti saboda tsoron iska da tsuntsaye. Dalilinsu mai kyau ne, sai dai a cike a bar kafofi, a sa musu raga.

Akwai ma'aunin da dokokin gini na Amurka suka daɗe suna aiki da shi: kowane murabba'in mita 150 na faɗin silin, a bar murabba'in mita 1 na kafar iska. Dokar ta yarda a rage zuwa 1 cikin 300 idan an raba kafofin sama da ƙasa daidai, amma a wuri mai zafi ni ba na ba da shawarar ragewa. A ce gidanka mita 10 ne da mita 12. Silin ɗinka murabba'in mita 120 ke nan, ka raba da 150, ka sami murabba'in mita 0.8 na kafar iska. Rabi a ƙasa, rabi a sama. Kafa mai santimita 30 tsawo da 30 faɗi tana ba da murabba'in mita 0.09, ke nan kamar guda biyar a ƙasa, biyar a sama. To amma lissafin na kafar da ba a sa mata komai ba ne. Raga da katakan da ake jerawa a karkace don tare ruwa suna iya cinye rabin hanyar, don haka ka ninka. Kuma gara mashiga ta ɗan fi mafita yawa. In mafita ta fi, rufin zai riƙa zuƙo iska daga ɗakunanku ta tsagogin silin.

Kada in sa maka ran abin da ba zai samu ba. Ko ka yi duk wannan, wani kaso kawai na zafin za ka rage, domin mafi yawansa ba iska ce ke kai shi silin ba. Hucin kwanon ne ke dukan silin kai tsaye, kuma iska ba ta kwashe huci. Maganinsa biyu ne. Na farko takardar alminiyam mai ƙyalli da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin kwano, wadda ke mayar da sama da kashi 90 cikin ɗari na hucin, da sharaɗin fuskarta mai ƙyalli tana kallon sarari na akalla santimita 2. In an manna ta tsakanin abu biyu ba sarari, an yi asarar kuɗi. A bar ƙyallin yana kallon ƙasa, don na sama ƙura ce za ta dusashe shi. Na biyu farin fenti a bayan kwanon. Farin rufi yana mayar da kashi 60 zuwa 80 cikin ɗari na hasken rana, baƙi ko mai duhu kuwa da kyar yake mayar da kashi 20. Ga wanda ya riga ya yi rufi, fentin ne mafi sauƙin farawa.

Tambaya: Da asuba ruwa na ɗiga daga kwano alhali ba a yi ruwan sama ba. Silin ya yi tabo, katako ya fara baƙi. Kafinta ya duba bai ga huji ba.

Ba yoyo ba ne, raɓa ce. Da dare, musamman in sama ta washe, kwano yana sakin zafinsa har ya fi iskar da ke kewaye da shi sanyi. Iska mai digiri 30 tana iya riƙe kusan giram 30 na ruwa a kowane mita guda na tsawo, faɗi da tsayi. A digiri 20 kuwa giram 17 kawai take iya riƙewa. Abin da ya yi saura dole ya sauka a kan abu mafi sanyi. A wurin da zafi ya kai 30 kuma laima ta kai kashi 80 cikin ɗari, kwano na sauka zuwa digiri 26 zai fara zufa. Ka ga tazarar ba ta da yawa.

Rarrabewa ba wuya. Yoyo yana bin ruwan sama kuma wuri ɗaya yake maimaitawa, galibi gindin ƙusa ko mahaɗar kwano. Raɓa tana zuwa da asubar daren da ba hadari, ta watsu ko'ina, ta ɗiga a layi ƙarƙashin katakon da kwano ya kwanta a kai.

A nan ne mutane ke ruɗewa. Suna ɗauka in an ƙara kafofi laima za ta tafi. Kafa ba ta busar da iska. Abin da ke waje shi take shigo da shi, kuma a ƙasa mai laima iskar dare jiƙaƙƙiya ce. Amfanin kafofi shi ne da hantsi, kwano ya ɗumama, iska ta ratsa ta busar da abin da ya jiƙe kafin funfuna ta kama. Don hana ɗigar kanta, sai an raba iskar da kwanon: shimfiɗar alminiyam ɗin nan ko wani abin tare zafi a ƙarƙashinsa, a ɗaura ta yadda duk abin da ya ɗiga zai gangara waje. Sannan ka bi sawun laimar da gidan ke aikawa sama. Tururin girki da na banɗaki su fita waje kai tsaye, ba cikin silin ba. Tankin ruwa in yana can a rufe shi. Tsagogin gefen silin da wurin da wayar lantarki ta ratsa a toshe su.

Tambaya: Ni a cikin silin nake ɓoye irin shuka, masara da gyaɗa, saboda can ya fi bushewa kuma ba mai taɓawa. Bara rabi bai tsiro ba.

Hajiya, silin ɗin ne ya kashe miki iri. Iri abu ne mai rai, yana numfashi, kuma zafi yana ƙarar da shi. Wani masanin iri mai suna Harrington ya fitar da ƙa'idar da har yau ake aiki da ita: duk ƙarin digiri 5 na zafin ma'aji yana rage tsawon rayuwar iri da rabi, haka ma duk ƙarin kashi 1 cikin ɗari na danshin ƙwayar. Idan ɗakinki yana digiri 30 kuma cikin silin yana 45, an raba ran irin biyu har sau uku ke nan. Ga kuma raɓar asuba tana ɗiga a kan buhu. Ki sauko da shi. Ki busar da shi sosai, ki zuba a mazubin da iska ba ta shiga, ki ajiye a ɗakin da ya fi sanyi, a kan katako ba a ƙasa ba.

Tunda an zo nan, bari in yi maganar sito gaba ɗaya. Masarar ajiya kada danshinta ya wuce kashi 13 cikin ɗari, gyaɗar da aka ɓare kuwa 7 zuwa 8. Sama da haka funfunar da ake kira Aspergillus flavus tana samun wuri, kuma ita ke fitar da gubar afalatoksin mai lalata hanta, wadda dahuwa ba ta kashe ta. Hatsi yana shan laima daga iska. In laimar sito ta daɗe sama da kashi 70 cikin ɗari, busasshen hatsi ma zai koma ya yi danshi. Shi ya sa sito a ƙasa mai laima ba a barin tagoginsa a buɗe dare da rana. Kafofin can sama, na tsororuwa da na leɓen rufi, su zauna a buɗe. Tagogin ƙasa masu kai iska kan buhuna kuwa a buɗe su da rana tsaka lokacin da iska ta fi bushewa, a rufe da yamma da kuma ranar ruwa. A jera buhuna kan katako, a bar rabin mita tsakaninsu da bango, a bar mita guda tsakaninsu da kwano. Buhunan nan masu leda biyu a ciki, irin PICS da Jami'ar Purdue ta ƙirƙiro, suna hana laimar waje shiga, amma jiƙaƙƙen hatsi in aka ɗaure a ciki ruɓewa zai yi.

Tambaya: Kajina suna haki da rana, sun rage ci, ƙwai ya ragu. Da safe kuma wari na shiga ido. In sa musu silin?

Kaza ba ta zufa. Zafin jikinta kusan digiri 41 ne, kuma ta fi jin daɗi tsakanin digiri 18 zuwa 24. Da an doshi 30 sai ta koma haki don ta fitar da zafi ta tururin numfashi, kuma in iska ta riga ta cika da laima hakin ba ya yi mata aiki sosai. Shi ya sa zafi mai laima ya fi busasshen zafi kashe kaji. Warin da ke shiga ido kuwa iskar amoniya ce daga jiƙaƙƙen kashi. In kai da kake tsaye ka ji ta, su da hancinsu ke kusa da ƙasa sun daɗe suna sha.

Silin a ɗakin kaji mai buɗaɗɗen gefe sau da yawa gidan ɓera yake zama, kuma yana tare hanyar da iska za ta bi ta fita. Na fi son a bar rufin a buɗe, a yi masa tsaga a tsororuwa daga wannan ƙarshe zuwa wancan, a ɗora mata ƙaramin rufi a sama kamar hula don ruwa. A shimfiɗa abin tare huci a ƙarƙashin kwano, a yi wa bayansa farin fenti, ko a ɗora ciyawa a kai in akwai, tare da lura da wuta. Mai shirin sabon gini ya miƙar da tsawonsa gabas da yamma don rana ta bi ta kan rufi, kada faɗinsa ya wuce mita 10 don iska ta iya ratsawa, leɓen rufi ya zarce da mita guda ko fiye, bangon ƙasa gajere, sauran duk raga. Ragar kuma a riƙa share ta. Ƙura da gashin kaji suna toshe ta a hankali ba a sani ba.

Wasu suna fesa ruwa a cikin ɗakin don ya yi sanyi. A busasshiyar ƙasa yana taimakawa. A mai laima ƙara wa kaji wahala yake. In za a zuba ruwa, a zuba a bayan kwano.

Tambaya: Fankar rufi mai aiki da sola ko mai juyawa da iska, wace ce ta fi?

Mai juyawa da iska mafita ce kawai, kuma tana aiki in akwai mashiga a ƙasa. Ranar da iska ta tsaya cak, daidai take da buɗaɗɗiyar kafa. Ta sola tana da hikima ɗaya: tana gudu lokacin da rana ta fi ƙarfi, ta tsaya da dare lokacin da iskar waje ta fi jiƙa. Amma duk fankar da aka sa ba tare da wadatacciyar mashiga ba, daga ɗaki za ta riƙa jan iska. Idan kana da na'urar sanyaya ɗaki, sanyin da kake biya shi za ta fitar. Kuma kada a sa ta kusa da wata mafita, sai ta riƙa zuƙowa daga nan ta mayar waje, sauran rufin na nan yadda yake. Fara da kafofi da fenti, ka ga abin da ya rage.

Masu na'urar sanyaya ɗaki su ƙara kula da abu ɗaya. Silin mai sanyi a ƙarƙashin iska mai ɗumi da laima zufa yake yi ta sama, inda ido ba ya gani. A shimfiɗa masa abin tare zafi, a naɗe bututun na'urar sosai, kuma kada a sauke sanyin fiye da kima.

Tambaya: In na buɗe kafofi, jemagu da ɓeraye fa?

Ragar ƙarfe mai ido milimita 6 tana tsare jemage da tsuntsu da gafiya. Ragar sauro ta fi tsare ƙwari, amma tana rage iska sosai kuma ɓera na cinye ta roba. In jemagu sun riga sun shiga, a bari su fita da magariba sannan a toshe, kada a rufe su su mutu a ciki. Kashinsu na iya ɗauke da funfunar da ke kama huhu, don haka a yayyafa masa ruwa kafin shara, a rufe hanci.

Duk wanda zai hau, ya hau da sassafe kafin kwano ya ɗau zafi, ya kashe wutar gidan, ya taka katako kawai ba allon silin ba, kuma wani ya tsaya masa a ƙasa. Tsohon silin ko rufi na asbestos kada a yanka shi ko a huda shi, ƙurarsa tana jawo cutar huhu da daji. Ba a fafe gora ranar tafiya, aikin huda da fenti a gama shi kafin ruwa ya sauka, don fenti yana son busasshen kwano da aka wanke aka kankare masa tsatsa.