Na taya gida, dillali na matsa min in ƙara

Malam, ka ce ka taya gida a Rijiyar Zaki, mai gidan ya ce albarka, dillali kuma yana cewa wani mai saye na tafe da kuɗi a hannu.

Wannan zancen "wani na zuwa" tsohon salo ne, kada ya ɗaga maka hankali. La'adarsa daga cinikin take fitowa, shi ya sa yake gaggawa. Fara tambayar maƙwabta nawa aka sayar da gidajen layin. Sannan ka kai magini ya duba rufi, soka-awe da bango. Abin da gyara zai ci, da shi za ka nemi ragi. Ka nemi zama da mai gidan ido da ido, domin wani dillalin yakan ɗora nasa a kan farashi. In za ka ƙara, ƙara kaɗan-kaɗan, kada kowa ya san iyakar aljihunka.

Ko an sallama, kada ka ba da kafin alƙalami sai lauya ya tantance takardun a KANGIS, wato hukumar adana bayanan filaye ta jihar Kano. In gidan gado ne, kowane magaji ya sa hannu, mai unguwa ya shaida. La'ada kuma a yanke ta tun farko.