Amsa ga mai tambaya kan ko a sakar wa kotun ɗaukaka ƙara mara ta bar hukuncin baya

Ɗan uwa, ka tambaya ko ya kamata a ƙara wa kotunan ɗaukaka ƙara 'yancin kauce wa hukuncin da suka yanke a baya. Ni dai na daɗe ina aikin lauya, kuma ra'ayina shi ne kotun ƙoli a sakar mata mara, amma ta ƙasa da ita a bar ta da ɗan abin da take da shi.

Duba Ingila inda aka gado wannan tsarin. Tun 1898 kotun ƙolinsu ta ɗaure kanta, ko hukuncin baya kuskure ne sai dai majalisa ta gyara, sai 1966 suka ce a'a za mu iya sauka in mun ga dacewa. Kuma ya yi amfani wallahi, a 1986 a shari'ar Shivpuri suka rushe hukuncin da suka yi shekara ɗaya kacal kafin nan. To wannan ba ni da ja, tun wasiƙar Sayyidina Umar ga Abu Musa an ce kada hukuncin jiya ya hana alƙali komawa ga gaskiya.

Amma kotun ɗaukaka ƙara daban ce, alƙalanta suna da yawa kuma uku uku suke zama, in ka ce kowane zama ya yi yadda ya gani to yau waɗannan su ce fari gobe wasu su ce baƙi, ƙananan kotuna wa za su bi? Mu da mutum yake zuwa ya ce barista in na shiga kotu zan ci ko ba zan ci ba, me za mu gaya masa, ya jira ya ga alƙalan da za a ba shi? Rigingimu da yawa da nake gani ana sasanta su ne a ofis saboda kowa ya san inda doka ta tsaya.

Kuma ai ba a rufe mata ƙofa ruf ba. A Ingila, shari'ar Young ta 1944 ta ba ta mafita uku: in hukuncinta biyu sun ci karo ta zaɓi ɗaya, in kotun ƙoli ta yanke abin da ya saɓa, ko in an yi hukuncin cikin mantuwa da wata doka. Lord Denning, babban alƙali a kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila a wancan lokacin, ya yi ta fama a ƙara faɗaɗawa, hujjarsa talaka ba shi da kuɗin kai ƙara har ƙoli, kuma gaskiya hujjar tana da nauyi, amma a 1978 a shari'ar Davis da Johnson na sama suka taka masa burki.

Inda kawai nake goyon bayan sassauci shi ne shari'ar laifi, ba za ka bar mutum a gidan yari ba don kawai wasu alƙalai sun fahimci doka a baibai shekaru da suka wuce. Maganar tsada kuwa, a rage kuɗi da jinkirin zuwa kotun ƙoli.