Ku Tambayi Malamin Lissafi: Huɗun da Ba a Taɓa Gani Ba

TAMBAYA: Malam, ni ma'aikaciyar jinya ce, ina aikin dare a sashen gaggawa. Da aka duba rajistarmu, sai aka ce a matsakaici marasa lafiya huɗu ke zuwa mana kowace awa, kuma da wannan aka tsara yawan ma'aikata. Amma ni ban cika ganin wannan huɗun ba. Wata awa mu zauna shiru har gyangyaɗi ya fara ɗaukarmu, wata awa mutum takwas ko tara su rufto mana. Abokan aiki har sun fara tsokanata wai farar ƙafa gare ni. Masu lissafin ne suka yi kuskure?

AMSA: 'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari. Ƙafarki lafiyarta lau, su ma masu lissafin ba ƙarya suka yi ba. Sun dai ba ki rabin labari ne.

Adadin mutanen da za su shigo miki a awa guda lamba ce da ba ta zama wuri ɗaya. Ba wanda zai faɗa miki ta kafin awar ta cika. Abin da lissafin yiwuwa yake iya faɗa shi ne yadda lambar take bazuwa idan an tara awoyi masu yawa: sau nawa za ta zo biyu, sau nawa shida, sau nawa tara. Idan mutane suna zuwa kowa daga gidansa, ba shawara suka yi ba, ba a ba su lokaci ba, bazuwar takan bi wani tsari da wani Bafaranshe, Siméon Poisson, ya wallafa a 1837.

Na zauna na buga miki shi da huɗunku. A cikin awa 100, wajen awa 20 kacal ne mutum huɗu cif za su zo. Awa 2 ba za ki ga kowa ba. Awa 7 mutum ɗaya, awa 15 mutum biyu. Sannan akwai awa 5 da mutum takwas ko fiye za su zo. Biyar cikin ɗari ba ta da ban tsoro a takarda, amma ke ba awa ɗaya kike aiki ba. Idan kina yin awa goma a dare, yiwuwar ki haɗu da irin wannan awa aƙalla sau ɗaya ta kai kusan kashi 40 cikin ɗari. Wato dare biyu cikin biyar. Ga farar ƙafar nan.

Ina son wannan tsari saboda bai damu da abin da ake ƙirgawa ba. A 1898 wani masani, Ladislaus Bortkiewicz, ya ɗauki bayanan sojojin daular Furushiya, wadda a lokacin take cikin ƙasar Jamus, waɗanda harbin doki ya kashe. Runduna 14 ya duba tsawon shekara 20, daga 1875 zuwa 1894, mamata 196. Yawancin shekaru runduna ba ta rasa kowa, wata shekara kuma ta rasa uku ko huɗu, abin ya zo daidai da hasashen Poisson. A 1909 kuma Agner Erlang, wanda ke aiki da kamfanin wayar tarho na Kwafanhagan a ƙasar Danmak, ya nuna haka kiran waya yake shigowa. Daga aikinsa aka samo hanyar ƙayyade yawan layukan da za su ɗauki cunkoso, domin kamfanin da ya tanadi layuka daidai da matsakaicin kira kullum a toshe zai kasance lokacin da aka fi buƙatarsa.

Kada dai ki ɗauki lambobina kamar yankan wuƙa. Na ɗauka kowace awa daidai take da 'yar'uwarta, alhali ke kin fi ni sanin farkon dare ba kamar goshin asuba ba ne. Na kuma ɗauka kowa shi kaɗai yake zuwa, alhali haɗarin mota ɗaya zai iya kawo miki mutum shida a tare. Duka biyun ƙara yawan munanan awoyi suke yi. Shawarata, ki samu ɗan littafi, ki riƙa rubuta adadin kowace awa har wata biyu. In za ki je gaban shugabanninki, kada ki yi musu gardama kan huɗun. Ki nuna musu sau nawa aka wuce bakwai, ki tambaye su wa za a kira idan hakan ta faru.

Ni ma matsakaici ya taɓa yi mini irin wannan. Akwai lokacin da nake hawa bas zuwa aiki, aka ce kowane minti goma ɗaya take zuwa, sai na sa rai jirana ba zai wuce minti biyar ba galibi. Kullum sai ya wuce. Na yi ta zargin agogona, sai wata rana ina tsaye na lura biyu sun zo a jere, kusan suna taɓa juna. A bayan ambulan ɗin wasiƙa na yi lissafin: mu ce tazarar farko minti 2 ce, ta biyu 18. Matsakaici goma ne, ba ƙarya. Amma wanda ya iso tasha ba tare da duba lokaci ba, sau tara cikin goma a cikin doguwar tazarar zai faɗa, don ita ta cinye lokacin. Jiransa ya koma minti 8 da 'yan daƙiƙu. Na daina zargin agogo.

TAMBAYA: Malam, an yi mana gwajin wata cuta a wurin aiki, kowa da kowa, ba don muna jin ciwo ba. Nawa ya nuna ina da ita. An ce gwajin yana faɗin daidai kashi 99 cikin ɗari. Kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Ke nan saura kashi ɗaya kawai a ce ƙalau nake?

AMSA: Ɗan'uwa, Allah ya sa ba ita ba ce. Ni ba likita ba ne, amma wannan lissafin da ya hana ka barci kuskure ne, kuma har masu ilimi suna faɗawa cikinsa.

Kashi 99 ɗin amsar wata tambaya ce daban: idan mutum yana da cutar, sau nawa gwajin yake gano ta? Taka tambayar kuwa ita ce: cikin waɗanda gwajin ya nuna, nawa ne suke da ita da gaske? Kafin a amsa wannan sai an san yawan cutar a cikin jama'a.

Ba ka faɗi sunanta ba, don haka bari in ƙaddara. Mu ce mutum ɗaya cikin 1,000 ke da ita, kuma gwajin yana kuskure sau ɗaya cikin ɗari ta kowane ɓangare. A tara mutum 100,000. Masu cutar 100 ne, gwajin zai kama 99. Masu lafiya 99,900 ne, gwajin zai yi wa kashi ɗaya cikin ɗari nasu ƙazafi, wato mutum 999. Ka ga mutum 1,098 za su koma gida da irin takardarka, kuma 99 ne kawai a cikinsu marasa lafiya. Kashi 9 cikin ɗari ke nan. Dalili, masu lafiyar sun yi yawa ƙwarai, har ɗan kuskuren da ake yi a kansu ya rinjayi masu cutar gaba ɗaya.

Wannan hanyar tunani ana jingina ta ga Thomas Bayes, wani limamin coci a Ingila, wanda abokinsa Richard Price ya fitar da rubutunsa a 1763 bayan rasuwarsa. Ita ce ma ta sa likitoci suke sake gwaji. A misalinmu, idan aka yi wa mutum 1,098 ɗin nan wani gwaji na daban mai ƙarfi iri ɗaya, wajen 108 zai nuna, 98 daga ciki masu cutar. Kashi 9 ya koma kusan 91. Don haka kada ka fake da lissafina ka zauna a gida. In kuma kana da alamun cutar, ko ka yi hulɗa da mai ita, to ba daga ɗaya cikin dubu ka fara ba, lambobin duk za su sauya. Ka koma asibiti cikin makon nan, ka nemi gwajin tabbatarwa.

TAMBAYA: Malam, 'ya'yana huɗu duka mata ne, kuma maiɗakina tana da juna biyu. Wani abokina ya ce a lissafi wannan dole namiji ne, don da wuya a jera mata biyar.

AMSA: Allah ya raya su, ya sauke ta lafiya. Abokinka ya haɗa abu biyu. Kafin a haifi ko ɗaya, jera mata biyar abu ne na kusan sau ɗaya cikin 32. Amma huɗu sun riga sun zo, lissafi ba ya binsu bashi. Na biyar ɗin kusan rabi da rabi ne, da ɗan rinjaye kaɗan ga namiji, tunda a duniya ana haifar maza wajen 105 a kan kowace mata 100. A 1913, a gidan cacar Monte Karlo, a wani wasa da ake cacar launin da ƙwallo za ta faɗa a kai, ƙwallon ta faɗa kan launin baƙi sau 26 a jere, mutane suka yi ta zuba dukiya a kan ja suna cewa ai yanzu dole ta juya, suka tafka asara. Ka tanadi suna biyu.