Me ya sa ba a tara sakamakon lodi biyu a nazarin firam ɗin ƙarfe?

Tambaya: Injiniya, ina nazarin wani firam na ƙarfe a manhajar nazarin gini ta SAP2000, ina son ganin inda zai fara gazawa. Na lissafa nauyin ginin daban, turin girgizar ƙasa daban, sai na tara sakamakon. Maigidana a ofis ya ce in sake. Ina kuskuren yake?

Amsa: Maigidanka ya yi gaskiya. Tarawa tana aiki ne muddin gini na amsa lodi daidai gwargwado: ka ninka nauyi, lanƙwasa ta ninku, ka sauke ya koma yadda yake. Kai kuwa gazawa kake nema, kuma a wannan matakin abin da ya riga ya sami gini shi ke yanke yadda zai karɓi lodi na gaba.

Duba ginshiƙi ɗaya mai ɗauke da nauyin kN 2000 (kN, wato kilonewton, ma'aunin ƙarfi ne). Girgiza ta ture kansa gefe da milimita 50. Nauyin da ke bisansa ya goce daga tsakiya ke nan, ya haifar da ƙarin murɗiya, wato ƙarfin da ke lanƙwasa ginshiƙin, ta kNm 100 (kN 2000 sau mita 0.05) a gindi, wadda ita ma za ta ƙara tura shi. Wannan ne P-delta. A lissafinka na farko babu turi, a na biyu babu nauyi, don haka murɗiyar ba ta fito ko'ina ba, balle ka tara ta.

Shi ma ƙarfen ba ya mantuwa. Ƙarfe nau'in S355 yakan fara saki idan ya miƙe kusan kashi 0.17 cikin 100. Ka ja shi zuwa 0.5 ka sake, wajen 0.33 ya zauna daram, kuma da wannan nakasar zai shiga mataki na gaba.

Sai ka jera lodin yadda zai zo wa ginin a zahiri. Fara da nauyinsa, P-delta a kunne, sannan ka umarci lissafin turi ya ɗora daga inda na farko ya tsaya. SAP2000 na da wannan zaɓin. A manhajar Abaqus kuwa mataki-mataki ake yi, lodin baya yana bin ka sai ka cire shi da kanka, abin da sababbin hannu ke yawan mantawa. In akwai notuna masu ɗauri, ɗaurinsu ne lodin farko.

Turin kuma a riƙa ƙara shi kaɗan-kaɗan, don dabarar Newton-Raphson, wadda manhajar ke maimaita lissafi da ita, ta samu daidaito a kowane taku. Ni dai ba na taɓa mataki na biyu sai na ga abin da harsashi ke ɗauke da shi ya yi daidai da nauyin da na ɗora.